Mun Sayar Da Gero, Mun Sayo Ciwon Ciki

Ya 'yan'uwa masu karatu, duk wanda ya zauna awa guda a bakin shagon kemis a Gusau, ko Tsafe, ko Bunguɗu, lalle zai ji kuka iri ɗaya daga bakin jama'a: wannan olsa, wancan basir, wani kuma kwana uku ke nan bai zaga ba. Har an wayi gari ana ɗaukar ciwon ciki tamkar gado. Alhali kuwa mafi yawansa da hannunmu muke sayo shi, kuma da kuɗin geron da muka noma.

Mu ɗauki 'Yandoto, garin da ya yi suna da malamai tun kafin jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Abincin da ya riƙe malaman wannan ƙasa da almajiransu ba ɓoyayye ba ne: tuwon dawa da miyar kuka ko kuɓewa mai daddawa, fura da nono, kunun gero, wake, da kwaɗon zogale ko rama. Yau magidanci zai kai buhun gero kasuwa, ya komo da farar shinkafa da fulawa da taliyar fakiti da lemon kwalba, yana ganin ya fid da iyalinsa daga ƙauyanci. To, bari mu ga abin da masana suka gano game da wannan ciniki.

A cikin hanjin ɗan Adam akwai ƙananan halittu masu ɗimbin yawa waɗanda ido ba ya gani, kuma akasarinsu masu amfani ne. Abincinsu shi ne dusar hatsi da zaren ganye da ɓawon wake, wato abin da tumbi bai iya narkarwa. Idan suka samu, sai su fitar da sinadaran da ke ciyar da bangon hanji, su tausasa bayan gida, su kuma hana miyagun ƙwayoyin cuta wurin zama. Idan aka hana su, sai su ragu, hanji ya yi rauni.

Tun farkon shekarun 1970, Denis Burkitt, likitan tiyata da ya daɗe yana aiki a Uganda, ya lura cewa taurin bayan gida da basir da sankarar hanji, waɗanda suka addabi mutanen Ingila, ba su cika samun ƙauyawan Afirka ba, ya kuma danganta wannan da irin abincinsu. A 2010 wasu masana na Italiya suka gwada hanjin yaran ƙauyen Bulpon na Burkina Faso, masu cin gero da dawa da wake kamar namu, da na yaran birnin Fulorans. Sai aka tarar na ƙauyen sun fi yawan ire-iren halittu masu amfani, sun kuma fi ƙarancin dangin ƙwayoyin da ke jawo gudawa. Ashe abin da muke jin kunyar ajiye wa baƙo, shi Turawa ke tahowa daga nesa suna nazari!

Sai batun sukari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da babban mutum ke sha a yini ya wuce kimanin giram 50, ya kuma ci aƙalla giram 400 na ganye da 'ya'yan itace. Kwalba guda ta lemo mai rabin lita tana iya cinye kusan duk wannan kason sukarin. Ga kuma zoɓo da kunun zaƙi da ake zuba wa garin ɗanɗano wanda ba a san asalinsa ba. Ba mu manta da abin da ya auku a Kano a watan Maris na 2021 ba, inda gurɓataccen ɗan tsami da garin lemo suka kwantar da ɗaruruwan mutane a asibiti, wasu suka riga mu gidan gaskiya.

Abin takaici na biyu shi ne yadda muke yi wa cikin magani. Da zarar ya murɗa, sai a aiki yaro kemis ya sayo kafso biyu. Maganin kashe ƙwayoyin cuta bai san mugu ba, bai san nagari ba; yana share su gaba ɗaya, kuma shansa barkatai yana koya wa cuta jure masa. Haka nan ƙwayoyin ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen, waɗanda manomi da ɗan acaɓa ke haɗiya da sassafe ba komai a ciki, suna cin bangon tumbi. A 1982 likitocin Ostireliya biyu, Barry Marshall da Robin Warren, suka gano ƙwayar Helicobacter pylori, aka ba su lambar Nobel a 2005. Yanzu an tabbatar cewa mafi yawan gyambon ciki daga wannan ƙwaya yake ko daga irin waɗancan magunguna, ba daga yunwa ko barkono ba. Ana gwada ta a asibiti, ana kuma warkewa. Wanda ya shekara yana shan madara da kanwa don olsa, ɓata lokacinsa kawai yake yi.

Wani zai ce: ai halin da ake ciki ne. Gaskiya ne, 'yan bindiga sun raba dubban manoman Zamfara da gonakinsu, itace da gawayi sun yi tsada, kuma matar da ta yi gudun hijira zuwa Gusau ba a zarginta don ta dafa abin da ya sawwaƙa. Haka kuma ba duk abin gargajiya ne lafiya ba: nonon da ba a tafasa ba, da ruwan rijiyar da ke daura da masai, suna kisa. Kwalarar 2021 ta kama mutum sama da 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 3,000, kuma Zamfara na cikin jihohin da ta fi ɓarna. Amma maganata da mai hali nake yi, wanda rumbunsa ke cike, ya zaɓi son a sani a kan lafiyar 'ya'yansa.

Saboda haka, ya kai maigida, ware wa gidanka gero da dawa da wake kafin ka nufi kasuwa, ka dasa zogale ko da gindi biyu ne a tsakar gida. Ke kuma uwargida, sassauta surfe kada duk alherin ya tafi ga awaki, ki tafasa ruwan sha da madara, ki saba wa yara da wanke hannu da sabulu. A rage cika ciki da dare a kwanta a kansa. A bar shan kafso sai da izinin likita. Wanda kuwa ya ga jini ko baƙin bayan gida, ko yana ramewa ba dalili, to ya garzaya asibiti kada ya tsaya sauraron mai tallar maganin basir a mota.

Jiki amana ne, kuma za a tambaye mu abin da muka zuba masa. Allah Ya ba mu lafiya da zaman lafiya, Ya mai da manomanmu gonakinsu, amin. Wassalamu alaikum.