Raddi Ga Masu Cewa Son Haihuwa Halin Dabba Ne

A shekarar 2019 wani matashi a birnin Mumbai na Indiya, Raphael Samuel, ya shelanta cewa zai maka iyayensa a kotu don sun haife shi ba da izininsa ba. An sha dariya, amma ra'ayin yana da malamansa. Fitacce a cikinsu shi ne David Benatar, masanin falsafa ɗan Afirka ta Kudu, wanda a littafinsa na 2006 ya ce zuwa duniya cutarwa ce ga duk wanda aka haifa. Masu yaɗa ra'ayin sukan ƙara da cewa son haihuwa ragowar halin dabba ne, mai hankali kuwa danne shi yake yi. Hujjojinsu huɗu ne, kuma kowace tana da amsa.

Ta farko, wai a jini abin yake, mutum ba shi da ta cewa. To, abin da ke cikin jini ba ya sauyawa tsakanin kaka da jikanya. A Koriya ta Kudu, wajen 1960, mace kan haifi 'ya'ya shida. A 2023 adadin ya faɗo zuwa 0.72. Halittar Koriyawa ba ta canja ba. Tsadar gidaje, kuɗin karatu da yanayin aiki ne suka canja lissafinsu. A Romaniya, shugaba Nicolae Ceaușescu ya haramta zubar da ciki a 1966, haihuwa ta kusan ninkawa a 1967, sannan ta soma sauka duk da matsin gwamnati. Sin ta halatta 'ya'ya uku a 2021, amma a 2022 yawan al'ummarta ya ragu.

Ta biyu, wai yadda dabba ke neman ɗa haka mutum ke nemansa. Dabba ba ta neman ɗa. Barbara take yi idan lokacinta ya zo, kuma babu shaidar cewa ta san alaƙar wannan da haihuwa. Duk mai kiwo a ƙauye ya san ana sa wa kaza ƙwan zabuwa, ta kwanta a kai, ta ƙyanƙyashe, ta yi ta yawo da 'ya'yan da ba nata ba. Mutum ne kaɗai ya san sanadi, shi ya sa yake iya tsarawa. Tun zamanin Sahabbai aka san azalu, wato zubar da maniyyi a waje don gudun ɗaukar ciki, Imam Gazali kuma ya tattauna hukuncinsa da dalilan masu yinsa a Ihya'u Ulumiddin. A Faransa haihuwa ta fara raguwa tun ƙarshen ƙarni na 18, babu ƙwaya babu allura. Wasu ma ko auren ba sa yi: Imam Ɗabari da Imam Nawawi har suka koma ga Allah ba su yi aure ba.

Ta uku, wai ƙaunar uwa ga ɗanta halitta ce kawai, ba ta buƙatar koyo. Ko a birai abin bai tsaya nan ba. Harry Harlow na Jami'ar Wisconsin a Amurka ya raini jariran birai ba tare da iyayensu ba. Da matan suka girma suka haihu, da yawansu sun yi watsi da 'ya'yan, wasu har suna cutar da su. A wajen mutum kuwa al'ada ce ke tsara yadda ake nuna ƙaunar: Bahaushiya takan yi kunyar ɗan fari, ba ta faɗin sunansa, sau da yawa ma kaka ko gwaggo ce ke riƙonsa. Zakin da ya ƙwace garke yakan kashe 'ya'yan da ya tarar. Ɗan Adam kuwa yakan ɗauki marayan wani ya raina har ya aurar.

Ta huɗu ita ce ginshiƙin da'awar: wai duk abin da mutum ya yi tarayya da dabba a kansa ƙasƙanci ne. In haka ne, a daina ci da barci. Kuma wannan hujja masu ita take ci, domin ra'ayinsu kacokan a kan gudun wahala ya ginu, gudun zafi kuwa ko tsutsa tana yinsa. Babu dalilin kiran son haihuwa dabbanci, sannan a kira tsoron wahala falsafa.

Gaskiyarsu ɗaya ce: akwai masu haihuwa ba tare da tunanin ci, sha da tarbiyyar yaro ba. Sai dai wannan ma a kansu yake komawa, domin ba a tuhumar akuya kan ɗan da ta yasar, amma shari'a da doka suna tuhumar uban da ya ƙi ciyar da nasa, saboda yana da zaɓi. Saboda haka da'awar cewa son haihuwa halin dabba ne ba ta da madogara a alƙaluman ƙasashe, ba ta da ita a binciken dabbobi, ba ta kuma da ita a fiƙihu.