Me Ke Zaunar Da Yaro Gaban Allo?

 

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau, wata magana ce da ta haɗa ni da wani tsohon almajirina, wanda ya sauke a hannuna, sa'an nan ya shiga boko har ya kai Jami'ar Bayero. Ya zo gaishe ni nan Gyaɗi-Gyaɗi bayan la'asar, ya tarar raina a ɓace, domin wani yaro ya gudu daga makarantata, na biyu ke nan cikin rani guda. Da na gaya masa, sai ya ce, "Allah gafarta Malam, ai Turawa sun yi nazari a kan irin wannan." Ya ce wani malamin Amurka, Abraham Maslow, ya rubuta cikin 1943 cewa bukatun ɗan Adam hawa hawa suke kamar tsani. Matakin ƙasa ci da sha da barci. Sama da shi aminci daga tsoro. Sa'an nan ƙauna, watau mutum ya sami jama'ar da zai kira tasa. Sa'an nan girma da mutunci a idon mutane. Can ƙoli kuwa mutum ya fitar da baiwar da ke cikin ƙirjinsa har ta cika. Ya ce a ganin wannan Bature, muddin na ƙasa bai samu ba, da wuya zuciya ta ɗaga kai ta dubi na sama. "Saboda haka, Malam, yunwa ce ta kore shi."

To, maganar tana da gaskiya, kuma ba baƙuwa ce gare mu ba. Duk yaron da ya fara ƙananan surori ya karanta Suratu Ƙuraishi, wadda ta yi magana a kan fataken Makka masu tafiya biyu, ta hunturu da ta bazara. Ni'imomi biyu aka tuna musu a cikinta yayin da aka kira su ga bauta: ciyarwa daga yunwa da amintarwa daga tsoro. Matakai biyun farko na Baturen ke nan, a jere yadda ya jera su. Bahaushe ma ya ce da ruwan ciki ake jan na rijiya. Malamin da ya ce yunwa ba ta hana karatu, ko dai bai taɓa kwana da ita ba, ko kuwa ya manta.

Amma ban yarda cewa maganar ta cika ba. Na zauna tsangaya tun ina yaro, na ga gardawa waɗanda ba su cin abinci sai sau ɗaya a wuni, tufarsu guda, makwancinsu buzu, amma suka rubuta izu sittin da ka, ba su dubi takarda ba. In da tsanin nan ba a tsallake shi, da ba a sami gwani ko ɗaya a ƙasar nan ba. Kuma yaron da ya gudu daga wurina ba shi ne ya fi sauran yunwa ba. Abin da ya bambanta shi da su, daga nesa aka kawo shi, ba shi da ɗan garinsu a cikinmu, bai sami uwar ɗaki a unguwa ba. Ni kaina, ina faɗi da kunya, sau da yawa nakan kira shi da sunan wani, domin almajiraina sun haura 70.

Imamu Gazali, wanda ya rasu cikin 505 ta Hijira, watau 1111 ta Miladiyya, ya rigaya ya yi wannan nazari a cikin Ihya'u Ulumiddini, a littafin horon rai. Shi ma ya jera matakai, amma nasa na jan zuciya ne. Ya nuna cewa da fari ana kwaɗaitar da yaro zuwa makaranta da wasa, in ya ƙara wayo a kwaɗaitar da shi da tufafi masu kyau, in ya tasa a kwaɗaitar da shi da shugabanci da ɗaukaka, daga nan ne za a ɗauke shi zuwa ga kwaɗayin Lahira. Ya yi umurni a yabi yaro gaban mutane in ya yi abin kirki, a bar shi ya yi wasa bayan an tashi daga karatu, domin hana shi wasa yana kashe masa zuciya. Ku duba fa, wannan shi ne malamin da ya rubuta littafi sukutum a kan zargin son girma da riya, duk da haka bai ce a tsuge son girma daga zuciyar yaro ba. Cewa ya yi a hau shi kamar yadda ake hawan doki, a nufi inda ake so.

Magabatanmu na tsangaya sun gane wannan sarai, ko da yake ba su ba shi suna ba. Me ya sa suka jera muƙamai, daga kolo zuwa titibiri, zuwa gardi, zuwa malam, zuwa alaramma, zuwa gwani? Domin kowane yaro ya ga wanda ke gabansa da taki ɗaya, ya ce gobe ni ne. Me ya sa ake yi wa mai sauka allon zayyana, a tara jama'a, a yi sadaka, ya karanta gaban dangi da maƙwabta? Me ya sa gardi yake kwana yana gyara satunsa kafin ya kai darasu? Tsoron Allah yana nan, amma tsoron a kama shi da kuskure gaban 'yan'uwansa shi ma yana nan, kuma shi ne ya fi kusa da shi a daren. Ban ga aibin faɗin haka ba. Musabaƙar Alƙur'ani ta ƙasa, wadda Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato ta fara shiryawa cikin 1986, wasu malamai sun ƙyamace ta, sun ce neman suna ne da kyauta. Ni dai na ga yara da yawa da suka shiga don kyauta, suka fito da tajwidi, kyautar ta ƙare, tajwidin yana nan.

Sai dai tsangayar da ba muƙami kaɗai take bayarwa ba. Da damina malam da almajirai suna gona, rumbu yana cike. Da rani in an shigo birni, kowane gida yana da almajirinsa, uwar ɗaki ta ajiye masa tuwo a kwanonsa, ya ɗebo mata ruwa, ya je mata aike, in bai zo ba ta tambaya ko lafiya. Watau ciki, da mai sanin sunanka, da matakin da kake hange, duk uku tare suke tafiya, ba a jira ɗaya ya ƙare kafin ɗaya ya fara. Yau gonakin da ke kewaye da Tarauni sun zama gidaje, gidajen kuma sun yi katanga da ƙofar ƙarfe, ba zaure. Yaro ya tsaya bakin titin Zariya, kusa da Asibitin Malam Aminu Kano, ya miƙa hannu ga gilashin mota. Yakan sami kuɗi, watakila fiye da abin da muka samu a zamaninmu, amma mai ba shi bai dubi fuskarsa ba.

Hukuma ta yi nata yunƙuri. Cikin 2012 Shugaba Goodluck Jonathan ya buɗe makarantar almajirai ta zamani a Gagi ta Sakkwato, aka gina irinta fiye da 150, da yawa daga cikinsu suka lalace don rashin kulawa. Cikin 2020 gwamnatin Kano ta hana bara a titi, a shekarar nan kuma, lokacin annobar korona, aka riƙa kwasar almajirai a motoci ana mai da su jihohinsu. Cikin 2023 aka kafa hukumar tarayya ta ilmin almajirai. Ba na raina ko ɗaya, amma gini da doka ba su san sunan yaro ba.

To, ku attajirai, gare ku nake. Na san zuciyarku, domin irin tawa ce. Mutum ya fi son ya gina masallaci a bakin hanya inda za a ce na Alhaji wane ne, da ya ciyar da yara goma a lungu inda ba mai gani. Ba zan ce muku ku kashe son suna ba, Gazali ma bai fara da nan ba. Cewa nake ku sauya abin da kuke neman suna da shi. Halifa Isyaka Rabi'u, Allah ya jiƙansa, wanda ya rasu cikin 2018, mahaddaci ne kuma babban ɗan kasuwa, amma laƙabin da malamai suke kiransa da shi Khadimul Ƙur'an ne. A Kantin Kwari da Kurmi da Dawanau, bari a riƙa cewa wane yana da almajirai biyar da ya san sunansu da izun da kowanne yake, yana tambayar malaminsu duk Laraba, ya halarci saukarsu. Wannan bai kai kuɗin rufin masallaci ba.

Mu malamai kuwa, in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Muna karɓar yara fiye da waɗanda za mu iya sani, sa'an nan mu maye gurbin sani da bulala. Bulala tana zaunar da jiki gaban allo, ban taɓa ganin ta shigar da aya cikin ƙirji ba. Tun daga ranar nan na raba almajiraina ga gardawa, kowane gardi yara goma, shi zai san cin su da kwanansu da inda allonsu ya tsaya, kuma na ƙi karɓar sabon yaro bana.

Shi kuwa wanda ya gudu, bayan kwana 9 wani gardina ya gan shi a tashar Unguwa Uku, yana wanke wa wani mai shayi kofuna. Na tafi da kaina. Ladansa burodi ne da shayi safe da yamma, bai kai abin da yake samu a bara ba. Ina tsaye sai na ji mai shayin ya kira shi da sunansa na gaskiya, ya ce, "Yarona ne, akwai hankali." Yaron ya sunkuyar da kai yana murmushi, abin da ban taɓa gani a fuskarsa ba wata biyar da ya yi a hannuna. Mun yi da mai shayin zai riƙa turo shi karatun asuba da na dare, ya ci gaba da aikinsa da rana, na kuma aika wa mahaifinsa da bayani. Jiya ya zo, ya wanke allonsa, na biya masa sabon karatu.