Masu sayar da "sirrin" lissafin GRE, ku ji tsoron Allah

1/ Jama'a yau sai na amayar da abin da ke cina. Abokina ya biya kuɗi masu kauri aka saka shi a wani guruf na WhatsApp, wai za a ba shi sirrin lissafin GRE. Me ya samu? Tulin fomula, aka ce ya haddace. Ya haddace tas, ya zauna gwaji, ya sha ƙasa. Ku biyo ni.

2/ Ga wanda bai sani ba: GRE jarrabawa ce da hukumar ETS ta Amurka ke shiryawa don masu neman digiri na biyu ko na uku. Tun Satumba 2023 aka rage mata tsawo. Ɓangaren lissafi yanzu tambaya 27 ce cikin minti 47, maki kuma daga 130 zuwa 170.

3/ Abin da ba za su taɓa gaya maka ba: lissafin ciki bai wuce na sakandare ba. Babu kalkulas, babu tirigonometiri. In ka rubuta WAEC ka ga kusan komai. Har kalkuleta ake ba ka a jikin allo. Abin da ke kayar da mutane gaggawa ce da zato.

4/ Akwai wani salon tambaya da suke ji da shi. A ba ka adadi biyu, A da B, ka zaɓa: A ya fi, B ya fi, daidai suke, ko bayanin bai isa a yanke hukunci ba. Wannan zaɓi na huɗun shi ne kabarin 'yan hadda.

5/ Misali: alwatika, gefe ɗaya 5, ɗaya 12. A shi ne gefe na uku, B kuma 13. Ɗan hadda ya washe baki: "5, 12, 13 ai na san ta, daidai suke!" Malam wa ya ce maka akwai kusurwa mai digiri 90? Gefen nan zai iya zama komai tsakanin 7 da 17. Amsa: bayani bai isa ba.

6/ Kuma ETS da kanta ta rubuta cewa zanen jometiri ba lallai a yi shi bisa ma'auni ba. Mu kan ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. To a ɗakin nan ko ƙimar bai sani ba. Kusurwar da ta yi maka kama da 90, in ba a faɗa ba ko an sa mata alama, ba 90 ba ce.

7/ Mu leƙa aljabara. An ce x² = 5x. Sai ka raba kowane ɓangare da x, ka samu 5, ka wuce kana jin kai gwani. To sifili fa? Saka 0 ka gani, shi ma ya zauna daram. Ka raba da abin da ba ka tabbatar ba sifili ba ne, ka yar da rabin amsa a hanya.

8/ Wata: x ya fi sifili, wanne ya fi girma, x² ko x? Gwada 2, x² ya fi. Gwada 1, kunnen doki. Gwada ½, sai x² ya koma ¼, ya zama ƙarami. Lamba uku kacal, amsa uku daban. Wace fomula ce za ta yi maka wannan aikin?

9/ Direba ya je Zariya daga Kano yana gudun 60, ya dawo yana 40. Kowa zai ce matsakaicin gudunsa 50. Ƙaddara nisan kilomita 120 ne: zuwa awa 2, dawowa awa 3, wato 240 cikin awa 5. Amsa 48, kuma ko wane nisa ka saka 48 ɗin ce. Ya fi daɗewa a tafiyar hawainiya, shi ya sa.

10/ Na san za a ce: "Kai ɗan'uwa, ko minti biyu babu kan kowace tambaya, dole a nemi yanke." Na yarda. Ka san 3, 4, 5. Ka san yadda gefunan alwatika mai 30, 60, 90 suke. Amma yanke na wanda ya san gari ne. Baƙo in ya yi yanke, a lungun da ba ya ɓullewa yake ƙarewa.

11/ Laifin ba nasu kaɗai ba ne, mu ma da namu. A jami'a mun saba: haddace hendawut daren jarrabawa, juye wa malam, fito ka manta. Hadda tana da muhallinta mai daraja, ba na musu. Sai dai wanda ya tsara tambayar nan ya riga ya san abin da ka haddace, da shi ya ɗana tarkon.

12/ Abin haushin, kayan aikin na gaske kyauta ne. A shafin ETS akwai littafin bitar lissafi da suke kira Math Review, akwai gwajin POWERPREP, ba ko sisi. Kuɗin zama jarrabawar kanta ya haura dala 200. Juya shi zuwa naira, sannan ka gaya min ko kana da rarar ba wani ɗan damfara.

13/ Kafin ma ka biya, duba shafin sashen da kake nema. Tun zamanin korona da yawa sun daina tilasta GRE.

14/ Ni ga yadda nake yi. Na ware littafi guda na kurakurai. Duk tambayar da na faɗi sai na rubuta zaton da ya kayar da ni: na manta lamba mai ragi, na yarda da zane, ban gwada sifili ba. Cikin 'yan makonni na ga ramuka ukun nan nake ta faɗawa.

15/ Malaman da ke koyarwa tsakani da Allah, masu tambayar ɗalibi "don me?", Allah Ya saka muku. Masu sayar da sirri kuma, ga alwatikar 5 da 12 can a sama, ku tura wa ɗalibanku mu ga nawa za su ce 13.