Lafiyar Jama'a Hakkinmu Ne, Ba Sadaka Ba

Ya ku 'yan'uwa talakawan Kwatarkwashi, da na Gusau da Tsafe da Bungudu, musamman ku 'yan kasuwa masu biyan kuɗin rumfa, muna so mu yi magana a kan abin da ake kira lafiyar jama'a. Ma'anarta a fili take. Watau aikin tsare gari gaba ɗaya daga cuta tun ba ta shigo ba: ruwa mai tsabta, salga a kasuwa, allurar rigakafi, duba-gari mai zagaya unguwa, da malamin asibiti mai kai rahoto da sauri in ya ga mutane suna faɗuwa da ciwo iri ɗaya. Mutum ɗaya ba ya iya wannan da aljihunsa. Don haka ne muke biyan haraji.

To, mu tuna da abin da ya same mu. A ƙarshen 2016 cutar sanƙarau ta ɓulla a Jihar Zamfara. Kafin ta lafa a 2017 ta kama mutum fiye da 14,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 1,100, kuma jiharmu ce ta fi shan wuya. Allurar rigakafi ba a soma ta gadan-gadan ba sai cikin Afrilu, bayan an yi wata da watanni ana kai yara kushewa. Ihu bayan hari ke nan.

A cikin wannan makoki ne gwamnan wancan lokaci, Abdul'aziz Yari, ya gaya wa 'yan jarida cewa annobar horo ce daga Allah saboda zunubban mutane, irin su zina. Sarkin Kano Muhammadu Sanusi II ya mayar masa da martani a bainar jama'a, cewa a nemo allura. Mu ma muna tambaya: yaro ɗan shekara biyar, wane zunubi ya yi? Me ya sa horon ya fi sauka a ɗakin da mutum goma suke kwana babu taga?

Mun yi imani da ƙaddara, babu mai koya mana wannan. Amma Sayyidina Umar, da ya ji annoba ta faɗa ƙasar Sham, juyawa ya yi da jama'arsa, bai shiga ba. Ashe tsare rai ba ya saɓa wa tawakkali. Mai mulki da ya jingina sakacinsa ga ƙaddara, neman mafaka yake yi.

Ga shaida. Agana ta ɓata fuskokin kakanninmu, ta makantar da wasu, amma a 1980 aka tabbatar lamba ta kawar da ita daga duniya. Kurkunu ya sha hana manoma zuwa gona da damina, a 2013 aka tabbatar ya ƙare a Nijeriya, don an gyara ruwan sha an koya wa mutane tacewa. A 2020 aka shaida cewa asalin ƙwayar shan inna ta bar ƙasarmu. Shin zunubi ne ya ƙare a waɗannan shekaru? A'a, aiki aka yi.

Ga kuma inda ba a yi aikin ba. A 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, inda ake dakan dutsen zinariya a cikin gida. Likitocin waje ne suka fara gane abin. Garin Bagega ya jira har 2013 kafin gwamnatin tarayya ta saki kuɗin kwashe ƙasar da ta gurɓace.

Kada wani ya ce wannan can nesa ne. Kwatarkwashi a bakin hanyar Gusau zuwa Tsafe take, kullum motoci suna sauke mutane suna ɗauka. Cuta ba ta biyan kuɗin mota. In amai da gudawa ya shiga kasuwa, mai tuwo da mai fura da mahauci su ne za su fara rufe rumfa. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

A 2001 shugabannin Afirka suka yi alkawari a Abuja za su ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi don lafiya. Dokar lafiya ta 2014 ta ware kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don ƙananan asibitoci. Kuɗinmu ne, muna da ikon bin sawunsu.

Saboda haka duk mai karɓar kuɗin rumfa, ku ce ya nuna muku salga da famfo. Duk kansila ko ɗan majalisa da ya zo neman ƙuri'a, ku tambaye shi nawa aka aiko wa asibitin garinmu bana, da abin da aka saya. Mu kuma mu kai 'ya'yanmu allura, mu rufe abincin sayarwa, mu kai rahoton ciwo tun da wuri. Mu sauke namu nauyin, sa'an nan mu tsare su sai sun sauke nasu.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.