MAJINGININ JITA: A YI AWO KAFIN A KUNNA WALDA

Daga Wakilinmu

Duk wanda ya taɓa leƙa ɗakin ajiye kayan kiɗa na wata makaranta, ko na wata ƙungiyar makaɗa, ya san yadda ake yi da jita idan an gama kaɗawa. Jingine ta ake yi a jikin bango, ko a kwantar da ita bisa bencin da kowa ke zama. Ranar da mai shara ya ture ta, ko ƙafar wani ta sarƙe da wayarta, sai a ji ƙara, sa'an nan a shiga neman wanda za a ɗora wa laifi. Alhali kuwa laifin ya samo asali ne tun ranar da aka rubuta takardar sayen kaya, aka sa jita da ganguna da amsa-kuwwa, aka manta da abin da za a ajiye su a kai.

Faɗuwar jita ba abin wasa ba ne. Tsirkiyoyi shida na ƙarfe, in an ɗaure su daidai, suna jan wuyan jita dare da rana da ƙarfin da ya kai kilo 70. Itacen da ke ɗauke da wannan nauyi ba ya bukatar wani babban duka kafin ya tsage. Jitocin kamfanin Gibson na Amurka, waɗanda ake sassaƙa wuyansu da mahogani, watau dangin maɗacinmu, kansu kuma ya tanƙwasa baya sosai, sun yi ƙaurin suna wajen karyewa daidai inda kai ya haɗu da wuya. Saboda haka babu gardama a kan bukatar majingini. Inda gizo ke saƙa shi ne yadda za a ƙera majingini guda wanda zai karɓi kowace jita da ke cikin ɗaki, domin ba makarantar da za ta sayi na kowace daban.

Mai karatu zai fi gane wuyar al'amarin idan ya dubi awo. Jitar Sifen mai tsirkiyar roba tsawonta kimanin mita 1 ne, kaurin cikinta kimanin santimita 10, faɗin gindinta kuwa kimanin 37. Samfurin da kamfanin Martin ya fara ƙerawa a 1916, wanda yawancin jitoci masu ƙoƙo na kasuwa suke kwaikwayo, faɗinsa ya doshi santimita 40, kaurinsa kimanin 12. Akwai J-200 ta Gibson mai faɗin inci 17, watau santimita 43. Sai jitar lantarki irin Telecaster ta kamfanin Fender, wadda falanki ce kawai, kaurinta bai cika santimita 5 ba. Jitar bes da Fender ya fitar a 1951 tsawon tsirkiyarta kaɗai inci 34 ne, tsawonta duka ya haura santimita 110, alhali ta yara mai rabin girma ba ta kai 90 ba. Wajen nauyi ma haka: ta Sifen ba ta cika kilo 2 ba, Les Paul kuwa takan kai kilo 4 har ta wuce. Ban da wannan, a 1958 Gibson ya fitar da Flying V, wadda gindinta ya rabu biyu kamar bakin almakashi, ba ta da inda za ta zauna sam.

Idan aka miƙa wa ɗalibin koyon sana'a waɗannan alkaluma, abin da zai fara zo masa a rai shi ne ya sa noti a duk inda awo ya bambanta. Noti ɗaya na faɗin hannuwan da ke tallafe gindi, ɗaya na zurfinsu, ɗaya na tsawon sanda, wani na kishingiɗar baya, wani na buɗin ƙafafu. A takarda abin zai yi kyau, malami ma zai ba da maki. A ra'ayina wannan hanya ɓata ce. Kowane noti ƙofa ce da aka buɗe wa lalacewa: zarensa yakan cinye, ƙura ta shige shi, wani ya kwance shi ya ɓata. Kuma kada a manta da wanda zai yi amfani da abin. Makaɗi ne da ya sauko daga dandali cikin duhu, hannunsa ɗaya riƙe da jita, ana kiransa ta ko'ina. Ba zai tsaya murɗa noti biyar ba. Zai ɗora jitar bes a majinginin da aka daidaita wa ta yara, ya juya baya, abin da ake gudu kuma ya auku.

Hikimar aikin ita ce a nemo wurin da jitoci suka fi kama da juna, a riƙe su ta nan. Wurin kuwa shi ne wuya, daidai ƙarƙashin kai. Faɗin wuyan jitar lantarki a wannan gurbi kimanin milimita 42 ne, na jitar Sifen 52. Bambancin duka santimita 1 ne, alhali a ciki da gindi bambancin ya ninka haka sau da yawa. Idan aka yi gwafa a saman sanda, aka rataye jita ta ƙarƙashin kanta, jikinta na lilo har ya jingina da ƙafafun gaba, to, kauri da faɗi da siffar gindi duk sun fita daga lissafi. Flying V ma ta samu shiga. Noti huɗu sun tafi ke nan ba tare da an rasa kome ba.

Wasu suna tsoron cewa ratayewa na cutar da wuyan jita. Wannan tsoro ba shi da tushe. Wuyan da ya saba da jan kilo 70 na tsirkiya ba zai ji kilo 4 na jikin jita ba.

Amma gwafar ita kanta tana son natsuwa wajen ƙira. Kan jitar Sifen kafaɗunsa biyu daidai suke, sai ya zauna daram. Kan jitocin Fender kuwa kafaɗa ɗaya ta fi ɗaya, na Telecaster ma siriri ne, yana iya sulluɓewa daga gwafa mai faɗi. Don haka ya kamata bakin gwafar ya yi faɗi, cikinta ya tsuke, ta ɗan ɗaga sama ta gaba, yadda kowane wuya zai gangara ciki har ya tsaya inda ya yi masa daidai. Ya kamata kuma ta riƙa juyawa kaɗan hagu da dama a kan ƙusarta, domin akwai jitar bahago, wadda kanta ke kallon ɗaya ɓangaren. Wanda ya ga Mdou Moctar na Jamhuriyar Nijar yana kaɗawa ya san ba labari ba ne. Kamfanin Hercules yana sayar da majingini mai gwafar da ke rufe kanta da zarar nauyin jita ya sauka a kai. Dabara ce mai kyau, sai dai mai walda a Panteka ta Kaduna ba ya bukatar kwaikwayon sifirin da robobinta. Ɗan maɗauri na ƙyalle mai maɓalli a bakin gwafa ya wadatar.

Saura daidaitawa guda, watau tsawon sanda. Daga ƙarƙashin kai zuwa gindi, tazarar da ke tsakanin ta yara da ta bes kimanin santimita 30 ce. Bututu cikin bututu, da huda huɗu ko biyar, da ƙusa mai kauri da aka ɗaure da sarƙa don kada ta ɓata, shi ke nan. Na fifita ƙusa a kan notin matsewa saboda dalili ɗaya: noti yana sassautawa a ɓoye, sandar ta zame ranar da ba a zata ba, ƙusa kuwa ko tana ciki ko ba ta ciki, ido yana gani.

Game da ƙafafu, kowace mata ta san dalilin da ya sa duwatsun murhu uku ne. Ƙafa uku ba ta girgiɗi ko daɓen ɗaki ya farfashe. Abin lura kawai shi ne a sa biyu gaba, ɗaya baya, tun da nauyin a gaban sanda yake, a kuma buɗe su yadda cibiyar nauyin jita mafi nauyi za ta faɗo tsakiyarsu, ba bakin layi ba. In za a yi rowar ƙarfe, a yi a sama. Ƙasa ce ke son nauyi.

Yanzu ga inda na fi jin tsoron gwanayenmu. A wurinmu duk abin da ake son ya yi laushi, robar tayar keke ake naɗa masa, ko a zura masa tiyo. Ga yawancin jitoci masu araha wannan ba kome, domin fentinsu mai tauri ne, ba ya jin roba. Amma jitoci masu tsada da yawa, na da da na yanzu, ana shafa musu wani fentin sheƙi da ake kira naitiroselulos, shi kuwa ba sa ga maciji da roba da leda. Idan suka daɗe a manne, sinadarin da ke sa roba laushi yakan narkar da fentin, ya bar tabon da ba ya gogewa. Majinginin da aka yi domin kare jita sai ya zama shi ne ya ɓata ta. Maganin ba shi da tsada: a naɗa soso ko roba a ciki in ana so, amma a rufe duk inda zai taɓa jita da ƙyallen auduga mai kauri. Saƙin gida ma ya fi kyau a ido.

Kafinta da ke son yin nasa da katako, shi kuma ya tuna da hunturu. A lokacin laimar iska a Kano da kewaye takan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100, katako ya tsotse, haɗin da aka buga da ƙusa ya saki. Sai ya yi aiki da busasshen katako, ya ɗaure gaɓoɓin da noti mai ratsawa wanda za a iya ƙara matsewa. Ita jitar mai ƙoƙo ma, wadda ta fi son laima wajen kashi 45 zuwa 55, akwatinta ya fi mata majingini a waɗannan watanni, in ba ana cikin aiki da ita ba.

Lalle wannan ƙira tana da iyaka, kuma gara a faɗa. Akwai jitoci marasa kai, irin na Steinberger, ba su ratayuwa a gwafa. Haka garaya da molo da gurmi, waɗanda wuyansu sanda ce miƙaƙƙiya. Su igiya ake sa musu a sagale a maratayi. Wanda ya ce sai ya yi majinginin da zai ɗauki dukansu, zai koma gidan jiya na noti biyar. Ƙaramar ƙugiya a bayan sanda ta ishe su.

Na san wani zai ce me ya kai jarida ga batun majingini, ga na ƙasashen waje nan a kantuna. To, a tambayi wanda ya saya: in ƙwanƙolar robar da ke riƙe ƙafafun ta fashe, ba inda ake sayar da ita, sai a jefar da duka. Ban da haka, tun 1977 aka kafa Hukumar Kula da Ilmin Fasaha ta Ƙasa a Kaduna, kwalejojin kimiyya da fasaha kuma suna yaye ɗalibai kowace shekara, kowannensu da aikin kammalawa. Maimakon a yi ta maimaita injin ɓarzar masara da ake turawa lungu bayan an ba da maki, malami ya tura ɗalibi da tef ɗin awo wurin makaɗa, ya auno jitoci goma, ya zauna ya ga yadda suke ajiye su. Aikin ƙarami ne, bututu kaɗan zai ci, amma akwai awo a ciki, da lissafin nauyi, da sanin sinadari, da sanin halin mutum.

Jami'an da ke sayo wa makarantu da ma'aikatun al'adu kayan kiɗa kuwa, su sa majingini a layi na gaba da jita cikin takardar kuɗi, su ba masu walda na garinsu aikin. Kafin su sa hannu a biya, su rataye jita mafi nauyi a huda ta can sama, su ɗan bangaje ta daga gefe da gwiwa, sa'an nan su rataye mafi ƙanƙanta su sake. In ƙafa ɗaya ta ɗaga daga ƙasa, a mayar wa mai shi ya ƙara buɗin ƙafafun.