Idan Haske Ya Zama Shaidar Zur

Talla a Instagram da TikTok tana tafiya ne a kan amana. Kamfani yana biyan mai ɗimbin mabiya don ya nuna kaya a jikinsa, saboda mutane sun fi yarda da fuskar da suka saba gani fiye da allon talla na bakin titi. A irin wannan ciniki hoto shi ne shaida. Matsalar ita ce, a yau babu abin da ya fi hasken hoto sauƙin juyawa.

Kayan wannan aiki sun daɗe. Photoshop ya fito a 1990, kuma ba a jima ba aka fara ƙera ƙananan manhajoji da ake maƙala masa don su yi aiki guda ɗaya. John Knoll, ɗaya daga cikin 'yan'uwa biyun da suka ƙirƙiro Photoshop, shi ne ya samar da Knoll Light Factory, mai sanya walƙiyar rana a hoton da babu rana a cikinsa. Kamfanin Nik ya yi suna da nasa jerin, har Google ya saye shi a 2012. A da sai gwani mai kwamfuta ke iya wannan. Zuwan Facetune a 2013 da saitunan Lightroom da ake sayarwa a shirye ya mayar da shi aikin yatsa ɗaya a waya.

Yadda abin ke aiki ba shi da wuyar fahimta. Ƙuraje da tabo da tamoji suna fitowa a hoto ne saboda 'yar inuwar da suke yi. Idan aka cika inuwar da haske mai laushi, sai fata ta yi sumul ba tare da an goge komai ba. Haka kuma launin fatar ɗan Adam, baƙi ko fari, yana faɗawa ne a sashen ruwan lemo na ma'aunin launuka. Wanda ya ɗaga hasken wannan sashe kaɗai zai haskaka fuska da hannuwa, ya bar riga da bango yadda suke. Mai kallo ba zai ga alamar gyara ba, domin ba a rage hanci ko ƙugu ba.

Hukumar kula da talla ta Birtaniya ta gane wannan. A watan Fabrairun 2021 ta yanke hukunci a kan tallan kamfanoni biyu masu sayar da man duhunta fata, inda masu tallar suka yi amfani da filtar Instagram da ta ƙara wa fatarsu launi. Hukuncin ya ce filta ba ta halatta idan ta zuzuta aikin kayan da ake tallatawa. Norway ta wajabta sanya alama a kan tallan da aka gyara siffar jiki ko fata tun daga Yulin 2022, Faransa kuma ta ɗora wa masu tasiri a intanet irin wannan wajibi a dokar 2023.

A Birtaniya ana yaudara da duhu, a kasuwannin Najeriya kuwa ana yi da haske, kuma hatsarin ya fi girma. Hoton "kafin" da "bayan" na man bilicin, ɗaya a ɗaki mai duhu ɗaya a gaban fitila, yana tura mata su shafa abin da sau da yawa ke ɗauke da sinadarin makuri ko haidurokwinon, waɗanda ke lalata fata, makuri kuma har ƙoda yake taɓawa. Dokar 2022 ta ba hukumar ARCON ikon tantance talla kafin ta fita, har da ta intanet. Amma rubuta "talla ce" a ƙarƙashin hoto yana bayyana wanda ya biya kuɗi ne kawai, bai ce komai a kan gaskiyar fuskar da ake nunawa ba.

Masu ɗaukar hoto suna da hujjar da ta cancanci saurare. Babu hoton da ba a zaɓar masa haske, kuma wayar zamani tana gyara hoto tun kafin mai ita ya gani. Ƙari a kan haka, an daɗe ana daidaita fim da kyamara da farar fata, don haka baƙin mutum yakan buƙaci gyara kafin hoto ya fito da kamanninsa na gaskiya. Haramta gyara gaba ɗaya zai zama zalunci, kuma ba zai aiwatu ba.

Ma'aunin da ya dace ya fi wannan sauƙi: shin gyaran ya taɓa abin da ake sayarwa? Mai tallan takalmi na iya haskaka bango yadda yake so. Mai tallan atamfa ba shi da ikon sauya launinta, mai tallan man shafawa kuma ba shi da ikon taɓa hasken fata. Ya kamata kamfanoni su rubuta wannan sharaɗi a yarjejeniyarsu, su nemi asalin hoton kafin su biya, hukuma kuma ta riƙa neman sa idan an kai ƙara. Ɗan kasuwar da ya jiƙa hatsi don ya ƙara nauyi, kowa ya san sunan abin da ya yi. Algus ne, ko da mudun ya koma cikin waya.