Lafiyar Iyali: Idan Zuciya Ta Ƙi Kwanciya

A wannan fitowa za mu tsaya a kan wata damuwa wadda kusan babu gidan da ba ta leƙa ba, ko da yake ba kasafai ake faɗinta a fili ba. Mutum ya gama hidimar yini, ya yi sallar isha'i, ya kwanta jiki a gajiye, amma zuciya ta ƙi kwanciya. Ta kamo bashin da ake binsa, kafin ta ajiye ta kamo kuɗin makarantar yara, daga nan ta tsallaka wajen ɗan da ya tafi ci-rani bai aiko da labari ba, sannan ta komo kan wata baƙar magana da aka faɗa masa tun makon jiya. Haka za a yi ta saƙa da warwara har asalatu. Da gari ya waye sai a tashi da ciwon kai da saurin fushi, kuma mata ko miji da ƴaƴa su ne suke ɗanɗana kuɗarsa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 301 ne suke fama da ciwon fargaba, ban da masu saƙar zuci ta yau da kullum wadda ba ta kai matsayin ciwo ba. Saboda haka duk wanda abin ya shafa ya sani ba shi kaɗai ba ne.

Shawarar da muka saba ba wa irin wannan mutum ita ce, “Ka daina tunani.” Shawara ce ta ƙauna, amma ba ta aiki, kuma an gwada an gani. A shekarar 1987 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Daniel Wegner, ya zaunar da mutane ya ce kada su tuna wata farar dabba ta ƙasashen sanyi har tsawon minti 5, kuma duk lokacin da ta faɗo musu a rai su kaɗa ƙararrawa. Ƙararrawa ta yi ta kaɗawa. Bayan an ɗage hanin, sai ya zamana sun fi tuna dabbar a kan waɗanda ba a taɓa hana su ba. Mai karatu zai iya jarrabawa yanzu: kada ka tuna farin raƙumi. Dalili kuwa shi ne, zuciyar da aka sa ta gadin wani tunani dole ta riƙa leƙawa ta ga ko ya shigo, kuma leƙawar ita ce take shigo da shi.

Tunda umarni ba ya tsayar da tunani, sai a biyo masa ta hanyar jiki. Lokacin da mutum ya tsorata, wasu ƙananan halittu da suke bisa ƙoda suna zuba sinadarin adiranalin cikin jini. Bugun zuciya ya ƙaru, numfashi ya gajarta ya koma can saman ƙirji, kafaɗu su ɗaure. Wannan shiri ne na gudu ko na kare kai, kuma rahama ne ga wanda ya yi karo da maciji a gona. Matsalar ita ce jiki ba ya bambanta maciji da tunanin bashi. Duk biyun shiri ɗaya yake yi musu, kuma da ƙwaƙwalwa ta ji zuciya tana dukan uku-uku sai ta ɗauka lalle akwai haɗari, ta ƙara ƙaimi wajen nemansa. Ta haka tunani yake hura jiki, jiki kuma yake hura tunani.

Ba mu da ikon ce wa bugun zuciya ya sassauta, ba mu da ikon hana adiranalin fita. Amma numfashi yana tafiya da kansa, kuma yana karɓar umarni idan an ba shi. Shi ne akalar da aka bar mana a hannu. Akwai wata doguwar jijiya da take saukowa daga ƙwaƙwalwa ta wuya zuwa zuciya da huhu da ciki, wadda aikinta ya haɗa da rage gudun zuciya. Tasirinta yana raguwa lokacin da muke shaƙar iska, yana ƙaruwa lokacin da muke fitar da ita. Wanda ya ɗora yatsu a kan jijiyar wuyan hannunsa ya yi numfashi a hankali zai iya jin bugun yana ɗan sauri da shaƙa, yana ɗan lafawa da fitarwa, musamman idan matashi ne. Hausawa sun daɗe da lura da wannan, shi ya sa suka kira dogon numfashin da mutum yake saukewa bayan firgita da suna ajiyar zuciya. A shekarar 2023 masu bincike a Jami'ar Stanford suka wallafa gwajin da ya nuna cewa minti 5 a kullum na irin wannan numfashi mai doguwar fitarwa, har kimanin wata guda, ya kyautata yanayin ran waɗanda suka yi shi.

Ga yadda ake yi. Baligi mai hutawa yakan yi numfashi sau 12 zuwa 20 a minti guda. Abin da ake nema shi ne a sauko da shi zuwa kimanin sau 6. A zauna a kan tabarma ko kujera, baya a miƙe ba tare da ƙanƙamewa ba, a ɗora hannu ɗaya a kan ciki. A shaƙi iska ta hanci ana ƙirga 4 a zuci, ta yadda cikin ne zai taso ya ture hannun. Sannan a sake ta sannu a hankali ana ƙirga 6, kamar mai hura kunu mai zafi. A ci gaba da haka har minti 5. A Faransa likitoci sun yaɗa wata siga ta wannan da sunan cohérence cardiaque, da ƙa'ida mai sauƙin riƙewa ta 365: sau 3 a yini, numfashi 6 a minti, na tsawon minti 5. Sai dai a kiyaye abu ɗaya. Sassauci ake so, kada a riƙa zuƙar iska da ƙarfi ana cika ƙirji. Numfashi mai yawa da sauri yana fitar da iskar kabon daga jini fiye da kima, abin da yake kawo jiri da jin kamar tururuwa a yatsu da gefen baki. Wanda ya ji haka ya koma numfashinsa na yau da kullum har ya wuce.

Mataki na biyu shi ne na hankali. Ana cikin numfashin, a tsayar da hankali a wuri guda, ko dai a bakin hanci inda iska take shiga da sanyi ta fito da ɗumi, ko a kan cikin da yake tasowa yana komawa. Ba za a yi numfashi 3 ba sai tunani ya sace hankalin. A nan ne mafi yawan mutane suke karaya, su ce su ba za su iya ba. Alhali kuwa aikin ke nan gaba ɗayansa: a lura cewa hankali ya tafi, a ce a zuci “tunanin bashi ne,” a dawo da shi kan numfashi ba tare da faɗa da kai ba. Ko sau 20 ya tafi, a dawo da shi sau 20. Ruwan tafki da aka ɗebo a tulu ba ya tacewa da motsawa, ajiye shi ake yi laka ta kwanta da kanta.

Mun san wasu za su tambayi asalin wannan abu, kuma tambayar tana bisa hanya. Tsarin da asibitocin Turai da Amurka suke koyarwa ya samo tushe ne daga shirin makonni 8 da Jon Kabat-Zinn ya fara a shekarar 1979 a makarantar likitanci ta Jami'ar Massachusetts, kuma ya aro shi ne daga atisayen mabiya addinin Buda bayan ya cire masa al'adun bauta. Abin da muka kawo a nan numfashi ne da tsayar da hankali kawai, babu wata kalma ta bautar wasu a ciki, kuma ba mu ɗauke shi ibada ba. Matsayinsa matsayin motsa jiki ne. Kuma fara kwantar da gaɓoɓi kafin a nemi halartar zuciya ba baƙon abu ba ne a wurinmu, tunda malaman fiƙihu sun lissafa natsuwa cikin farillan salla. Wanda ya zauna zikiri ko addu'a da jiki a kwance ya fi kusa da sanin abin da harshensa yake faɗa.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda bai taɓa gwada wannan numfashi ba sai daren da hankalinsa ya tashi, da wuya ya amfane shi. Abu Zaid al-Balkhi, malamin da ya rasu a shekarar 934, ya yi rubutu a kan lafiyar jiki da ta rai, inda ya shawarci mutum ya tanadi kyawawan tunani tun yana cikin kwanciyar hankali, kamar yadda ake ajiye magani a gida tun kafin ciwo ya zo. Saboda haka a ɗaura atisayen a jikin abin da aka riga aka saba, misali bayan asuba, bayan la'asar, da kafin kwanciya. A kuma rage abin da yake hura wutar. Sinadarin da yake cikin shayi da goro da gahawa yakan ɗauki kimanin awa 5 kafin rabinsa ya bar jini, don haka shayin da aka sha a fada bayan isha'i yana nan yana aiki har tsakar dare. Wayar hannu ma a yi mata wurin kwana nesa da matashin kai. Idan kuwa damuwar tana da abin yi, kamar zuwa wurin mai bin bashi a nemi lokaci, a rubuta ta a takarda tun da yamma tare da matakin da za a ɗauka gobe, domin zuciya ta daina tsoron mantawa.

Dole mu faɗi iyakar abin. A shekarar 2022 an wallafa wani gwaji da aka yi a Amurka da mutum 276 masu ciwon fargaba, inda shirin makonni 8 ya rage ciwon daidai da wani sanannen maganin likita. Amma waɗannan mutane suna da malami mai koyar da su kowane mako, kuma suna ƙarƙashin kulawar likitoci. Kada wanda likita ya ɗora a kan magani ya ajiye shi saboda abin da ya karanta a nan. Ciwon ƙirji, ko sarƙewar numfashi, ko suma, sha'anin asibiti ne nan take. Bugun zuciya yana iya zama alamar ƙarancin jini ko ciwon da ya shafi maƙoƙo, kuma awo ne kaɗai yake tantancewa. Mai fuka ko ciwon zuciya ya tambayi likitansa kafin ya fara. Wanda kuma zaman shiru yake taso masa da wani mugun abu da ya taɓa gani, ya buɗe ido ya dakata, ya nemi masani. Idan rashin barci da ƙunci suka wuce makonni 2 suna hana aiki, ko mutum ya fara jin gara ya mutu, to a kai shi wurin likita ba tare da jinkiri ba. Wannan ciwo ne kamar hawan jini, kada a ɗora wa mai shi laifin raunin imani.

Muna kira ga masu gida da uwayen gida su fara da kansu, minti 5 bayan asubar gobe, sannan su koya wa yaran da suke shirin jarrabawa. Allah ya ba mu lafiya da kwanciyar hankali. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.